DARASIN UWARGIDA: FAMFON WANKE-WANKE, YADDA ZA KI ZAƁE SHI DA YADDA ZA KI KULA DA SHI

Darasinmu na yau a kan famfo ne, wato wannan ɗan ƙarfe ko robar da ake ɗaurawa a jikin tanki ko duro ko bokiti a wurin wanke-wanke. Abu ne ƙarami a ido, amma ta bakinsa ruwan gidanki yake fita, kuma ta nan ne ake tattalinsa ko a yi asararsa.

Matan Yasore da sauran garuruwan Batsari da Safana ba sa bukatar a gaya musu darajar ruwa. Ƙasar yankin a kan dutse take zaune, damina kuwa 'yan watanni ce, daga wajen Yuni zuwa Satumba. Da zarar bazara ta kama, rijiyoyi sai su ja baya, layin jarkoki ya yi tsawo a bakin rijiyar burtsatse da famfon tuƙa-tuƙa. Ga shi kuma halin tsaro na shekarun nan ya sa babu uwar da hankalinta ke kwanciya idan ta tura yarinya ɗibar ruwa nesa da gari. Saboda haka duk jarkar da ta shigo gida, ko dai da kuɗi aka saye ta wurin mai ruwa, ko da gumin wani aka ɗauko ta. Famfon da ya dace da ke shi ne wanda ya dace da irin ruwan da kike da shi, kuma wanda za ki iya gyarawa da kayan da ake samu kusa da ke.

AMFANIN FAMFO A WURIN WANKE-WANKE

Amfani na farko shi ne tsafta. Idan ana kamfatar ruwa da moɗa daga randa ko duro, hannun da ya taɓa kwanon miya da soso shi ne zai koma cikin ruwan, moɗar ma wani lokaci a ƙasa ake ajiye ta. Ta haka ƙwayoyin cutar gudawa da taifot da kwalara suke samun hanya. A shekarar 2021, hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta Najeriya, NCDC, ta ƙidaya mutum sama da 100,000 da ake zaton sun kamu da kwalara, sama da 3,000 suka rasu, kuma Katsina na cikin jihohin da abin ya fi taɓawa. In mazubin ruwa yana rufe, kuma ta famfo kaɗai ake ɗiba, to hannu bai isa ya shiga ba.

Amfani na biyu shi ne tattali. Da famfo kina iya sakin ruwa siriri daidai ɗaurayar kofi, maimakon kwarara moɗa guda a kansa.

Kada ki ce ai sai mai ruwan gwamnati ko tanki a sama ke sa famfo. Bokiti mai murfi da aka huda aka ɗaura wa famfo, aka ɗora a kan tebur ko benci, a ƙarƙashinsa aka ajiye baho, ya wadatar. Wata masaniyar kimiyya 'yar ƙasar Ghana, Veronica Bekoe, ita ta ƙirƙiro irinsa a shekarun 1990 domin wanke hannu, ya kuma bazu a Afirka ta Yamma lokacin cutar Ebola a 2014 da korona a 2020. Wanda kika gani a ƙofar asibitoci da makarantu, shi ne dai zai yi miki aiki a tsakar gida.

ABUBUWAN DUBAWA KAFIN A SAYA

Ko ke za ki je kasuwar Batsari ko Dutsin-ma ko Katsina, ko maigida ne zai sayo, a riƙe waɗannan abubuwa guda biyar:

1. Ƙarfin ruwan gidanki. Gwargwadon tsayin da aka ɗora tanki, gwargwadon ƙarfin zubar ruwansa. Famfunan zamani masu dogon wuya da kan feshi, waɗanda ake gani a kicin ɗin birni, an yi su ne domin ruwa mai ƙarfi. In kika ɗaura su a duron da ke kan bulo biyu, sai dai ki ga ruwa na tsiyaya kamar hawaye. Ruwa mara ƙarfi famfo mai faɗin baki yake so.

2. Abin da aka yi shi da shi. Akwai na tagulla, akwai na silba, akwai na roba. Na tagulla da na silba na gaske sun fi ƙarko. Sai dai kasuwa cike take da wani mai ƙyalli wanda ƙarfe ne mara ƙwari aka shafe da ruwan silba, ba ya daɗewa yake tsagewa a wuya. Ki ɗaga shi a hannu, mai kyau za ki ji shi da nauyi. Araha dai ba ta ado. Na roba ba ya tsatsa kuma ya fi dacewa da bokiti, amma rana tana gasa shi ya bushe ya karye, don haka inuwa yake so.

3. Yadda ake buɗe shi. Na murɗawa yana da 'yar baƙar roba a ciki wadda ke toshe ruwa. Tana cinyewa, amma canja ta ba wuya. Mai hannu kuwa, wanda ake turawa gefe sau ɗaya, ya fi daɗin aiki, domin ko hannunki duk kumfa ne kina iya rufe shi da bayan hannu. Matsalarsa yashi, in ya shiga ya karce cikinsa, yawanci sai an canja cikin gaba ɗaya ko an sake sabo. Idan ruwanku mai yashi ne, na murɗawa ya fi rufin asiri.

4. Girman baki. Mafi yawan famfunan gida rabin inci ne, wasu kuma kashi uku cikin huɗu na inci. A tafi da tsohon famfon kasuwa a gwada, kada a sayo a zo ya ƙi shiga.

5. Kayan gyara. Ki sa a tambayi mai shago ko yana sayar da robarsa. In ya ce babu, a nemi wani iri. A haɗo da roba biyu ko uku da farin tef na masu gyaran famfo, a ajiye a gida.

WURIN DA ZA A ƊAURA SHI

A ɗaura shi da tsayin da babbar tukunyarki za ta shiga ƙarƙashinsa, ba tare da kin yi ta duƙawa bayanki na ciwo ba. In bokiti ne ko duro, a huda sama da gindinsa da kamar yatsa uku, domin laka ta kwanta a ƙasa, kuma a sa roba ɗaya ta ciki ɗaya ta waje kafin a ɗaure. In tanki ne, ki roƙi mai aikin ya sa makullin ruwa tsakanin tankin da famfon, don ranar gyara ba sai an zubar da ruwan duka ba.

A kula da inda ruwan wanke-wanke zai bi. Idan yana kwanciya a gindin katangar ƙasa, sannu a hankali zai ci ta, ga sauro ga ƙuda. A yi masa 'yar magudana zuwa rami da aka cika da duwatsu, nesa da rijiya.

ƊIGO BA ƘARAMIN ABU BA NE

Nan ne yawancinmu muke sakaci. Akwai daƙiƙa 86,400 a kwana ɗaya. Famfon da ke ɗiga sau ɗaya a kowace daƙiƙa yana zubar da lita 20 zuwa 30 a kwana, wato kusan jarka guda mai lita 25. A wata ɗaya kin ga jarka wajen 30 ke nan ta tafi a banza. Ki lissafa kuɗinta a farashin mai ruwan garinku, ko ki lissafa sawun da 'ya'yanki suka yi. In kina shakka, ki tara kwano a ƙarƙashinsa da dare, da safe ki ga abin mamaki.

Ɗaure bakin famfo da tsumma ko robar tayar keke ba gyara ba ne, tsumman ma matattarar datti ce. Ki duba ta inda yake yoyo:

Idan ta baki yake ɗiga bayan an rufe, 'yar robar ciki ce ta cinye. A rufe makullin ruwa, a naɗe kan famfon da ƙyalle don kada ya karce, a kwance shi da sifana, a cire tsohuwar robar a sa sabuwa daidai girmanta, a mayar.

Idan ta gindin abin murɗawa ne, akwai ɗan noti a wurin, a ɗan ƙara ɗaure shi kaɗan.

Idan ta inda ya haɗu da bututu ne, a kwance shi, a naɗa farin tef zagaye da yawa ta ɓangaren da ake murɗa shi ya shiga, sannan a mayar.

Wannan aiki bai fi ƙarfinki ba, 'yar'uwa. In mai gyara ya zo, ki tsaya ki kalli yadda yake yi, gaba ke za ki yi da kanki. Amma in jikin famfon ne ya tsage, sai dai sabo.

KULAWAR YAU DA KULLUM

Ki rufe shi a hankali, da ruwa ya tsaya ki tsaya. Matse shi da ƙarfi shi ke kashe robar da wuri. Kada a rataya bokiti a wuyansa, kuma a hana yara lilo da shi.

Ki riƙa wanke kansa da sabulu kullum, domin shi kowane hannu ke taɓawa, har da wanda ya gama gyaran nama ko kaza. Kada a goge shi da soson ƙarfe ko yashi.

In yana da 'yar rariya a baki, ki kwance ta duk mako ki kakkaɓe yashin. In kin ga farin abu ya daskare a bakin, gishirin ruwa ne, ki jiƙa ƙyalle da ruwan lemon tsami ki naɗa na ɗan lokaci, sai ki goge ki ɗauraye.

Ki tace ruwa da ƙyalle mai tsafta lokacin zubawa a duro. Bokiti a wanke shi duk lokacin da ya ƙare, tanki kuwa aƙalla sau biyu a shekara, kuma kullum a rufe.

Wasu famfunan tagulla marasa inganci suna da dalma a jikinsu, ita kuwa dalma guba ce, musamman ga yara da masu juna biyu. Ruwan farko da ya kwana a cikin famfon ki tare shi a yi shara ko wanki da shi, kada a sha ko a dama wa jariri kunu.

Wajen wanke-wanken kansa, ki fara kwashe sauran abinci, ki jiƙa tukunyar tuwo, ki wanke komai a baho ɗaya mai kumfa, kofuna da farko, masu maiƙo daga ƙarshe. Sai an zo ɗauraya za a buɗe famfo, shi ma siriri, da baho a ƙasa. Ruwan ɗaurayar ya isa yayyafin tsakar gida ko ban ruwan bishiya. Kwanukan kuma a kife su a kwando a bisa, rana ta busar da su.

TAMBAYOYIN BITA

Idan kun haɗu a taronku na mako, ku tattauna waɗannan:

1. Wane irin famfo ne ya dace da ruwa mai yashi, kuma me ya sa?
2. Jarka nawa famfo mai ɗigo yake zubarwa a wata, kuma nawa ne kuɗinta a garinku?
3. Ta wurare nawa famfo yake yoyo, kuma yaya ake gyaran kowanne?

Aikin gida kuwa, kowace ta tara kwano a ƙarƙashin famfonta yau da dare, ta zo wa 'yan'uwa da labarin abin da ta samu. Wadda ta iya canja roba ta koya wa maƙwabciyarta. Allah Ya ba mu ikon kiyayewa, sai mun haɗu a darasi na gaba.