Darasi na 18: Shirin Ziyarar Garin Wida

Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilmi. Sun kuma ce shirin zaune ya fi na tsaye. Yau za mu ga yadda mutum zai shirya ziyarar kwana 3 zuwa wani gari na bakin teku, ya je lafiya, ya komo lafiya, ba a cuce shi ba.

Ina ne Wida?

Wida tana ƙasar Benin, yamma da Nijeriya. Dā sunan ƙasar Dahome. Faransawa suka ci ta da yaƙi, Sarki Behanzin ya miƙa wuya a 1894. Suka mallake ta har 1960, sa'ad da ta sami mulkin kai. A 1975 aka sake mata suna.

Faransawa sun tafi, amma harshensu ya zauna. Da shi ake karatu a makaranta, da shi ake aiki a ofis, da shi ake rubuta allunan bakin hanya. A kasuwa kuwa mutanen garin sun fi yin harshen Fon. Ko burodinsu ma dogo ne siriri, irin na Faransa.

Takardu

Abu na fari shi ne takardu. Nijeriya da Benin duka suna cikin ƙungiyar ECOWAS, saboda haka ba mu bukatar biza in zamanmu bai wuce kwana 90 ba. Amma tilas mu riƙe fasfo, ko takardar tafiya ta ECOWAS. Mu duba da idonmu ko an rubuta sunanmu daidai, ko kuma ranar ƙarewarta ta wuce.

Sa'an nan akwai katin allurar rigakafin ciwon shawara, mai launin rawaya. Katin ba ya aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar. Wanda ya bari sai ana jibi tafiya ya makara. Ana iya komo da shi daga bakin iyaka, ya yi hasarar kuɗin mota.

Kuɗi

Abu na biyu shi ne kuɗi. A Benin sefa ake kashewa. Takardun sefa iri 5 ne: ta 500, ta 1,000, ta 2,000, ta 5,000, da ta 10,000. Farashin canji kullum sakewa yake yi. Saboda haka mu tambayi mutum biyu ko uku tukuna, mu rubuta lissafin a takarda, mu ƙirga kuɗin a gaban mai canji kafin mu tashi.

Ga wani wuri da baƙo kan ruɗe. Hausawan ƙasashen sefa da dala suke ƙirga. Dala ɗaya sefa 5 ce. In aka ce dala ashirin, sefa 100 ke nan. In aka ce jaka ɗaya, sefa 1,000 ake nufi. Wanda bai san wannan ba sai ya yi ciniki a kan abin da bai fahimta ba, rigima ta tashi.

Lokaci da hanya

Abu na uku shi ne lokaci. A bakin teku ruwa ya fi yawa daga Afrilu zuwa Yuli. Daga Disamba zuwa Fabrairu kuwa rani ne. Wannan ya yi mana daidai, gama a lokacin mun gama girbi. Amma a farkon Janairu akan yi babban bikin gargajiya a Wida, gari ya cika, masauki ya yi wuya.

Bayan mun isa Ikko, watau Legas, ga yadda za mu raba kwanakin:

Rana ta 1: Mu yi sammako, mu bi ta Badagiri zuwa iyakar Seme, mu ƙetare da rana tsaka, mu kwana a Kwatano. A can akwai unguwar Zango, inda za mu sami masallaci, da abincin da muka saba, da masu jin Hausa.

Rana ta 2: Mu tafi Wida. Nisanta daga Kwatano kamar kilomita 40 ne. Mu komo kafin almuru.

Rana ta 3: Mu kama hanyar gida.

Karanta allo

Faransawa suna rubuta "ou" inda mu muke rubuta "u" ko "w". Don haka a allo za mu ga Ouidah, watau Wida, da Cotonou, watau Kwatano. Gare tasha ce. Marché kasuwa ce. Douane kwastan ne. Mu kwafe kalmomin nan, mu sa a aljihu. In mun rasa hanya mu yi tambaya, gama matambayi ba ya ɓata.

Me za mu gani?

Akwai tsohuwar ganuwar da Turawan Fotugal suka gina a 1721, ba su bar ta ba sai a 1961. Akwai babbar majami'ar da aka gama a 1909, zamanin Faransawa. Daura da ita akwai ɗakin da masu addinin gargajiya ke ajiye mesa. Mesan nan ba su da dafi, masu wurin kuwa suna girmama su ƙwarai. Mu baƙi ne. Kada mu yi ba'a, kada mu ɗauki hoton kowa sai da izni.

Amma abin da ya fi muhimmanci shi ne hanyar bayi. Ta tashi daga cikin gari zuwa bakin teku, kamar kilomita 4. Ta nan aka riƙa kora mutane a ɗaure ana zuba su cikin jiragen ruwa. A ƙarshenta akwai wata babbar ƙofa da aka gina a 1995 don tunawa da su. Ana ce mata ƙofar da ba a komowa.

Cikin bayin da aka kwasa daga wannan gaɓar teku zuwa Brazil har da Hausawa. Waɗansunsu malamai ne, sun iya rubutu da baƙaƙen Larabci. A 1835 bayi Musulmi suka yi bore a birnin Bahiya, aka sami rubuce-rubucensu a jikinsu. In mun tsaya a ƙofar nan, mu tuna da su. Su an fitar da su ba shiri, ba sallama. Mu kuwa da ƙafarmu muka zo, da ƙafarmu za mu koma.

Gargaɗi ɗaya ya rage. Tekun wurin yana da igiyar ruwa mai ƙarfi, tana janye ko gwanin iyo. Mu yi kallo daga tudu, mu riƙe yara.

Tambayoyi

1. Waɗanne takardu 2 za mu riƙe?
2. Kwana nawa kafin tafiya ya kamata a yi allura?
3. Dala arba'in sefa nawa ce?
4. Yaya ake karanta Ouidah?
5. Don me aka gina ƙofar bakin teku?

Aikin gida: Kowa ya rubuta kayan da zai riƙe in zai yi wannan tafiya. Gobe mu karanta wa juna.