Na Ba Shi Amanar Sirrina, Ya Kai wa Hajiyarsu

Anti, ɓacin rai ne ya sa na rubuto miki. Tun ina makaranta akwai abin da yake faruwa da ni. Sai ana zaune ana hira, kawai in ji a jikina cewa an taɓa yin wannan zaman, da mutanen nan, da maganar nan, har yadda wance ta ajiye kofi. Har in ji kamar na san abin da za a faɗa a gaba, sai kuma ya wuce. Ban taɓa gaya wa kowa ba sai maigidana, ganin shi ne rufin asirina, na kuma roƙe shi ya bar maganar tsakaninmu. Anti, kafin in ankara Hajiyarsu ta kira ni tana tambayar tun yaushe nake da iska, kuma me ya sa iyayena suka ɓoye kafin a ɗaura aure. An kawo mai ruƙiyya, an yi mini hayaƙi, na sha rubutu. Ƙanwarsa har tana yaɗawa wai ranar wani suna ta yi ta yi mini magana ina kallonta ina taunar baki ban amsa ba. Ni ban san an yi haka ba, sharri ne kawai. Yanzu in na shiga sashensu sai a yi tsit, a janye yara. Shi kuwa ko haƙuri bai ba ni ba, wai tausayina ne ya sa ya faɗa. Mutumin da na amince wa, Anti! In tafi gidanmu sai ya zo biko, ko yaya zan yi?

'Yarki mai damuwa, daga Zariya

'Yata, maganar yaji ajiye ta gefe, ba zan ɓata filin nan a kanta ba.

Abin da kike ji ba baƙo ba ne, a littattafan masana sunansa deja vu. Wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Alan Brown, ya tattara binciken da aka yi a kansa a 2003, ya ga kusan mutum biyu cikin uku sun taɓa jin sa. Ya fi yawa tsakanin shekara 15 zuwa 25, yana raguwa da girma, kuma gajiya da ƙarancin barci da yawan damuwa suna ƙara shi. Wato a gidan da ake janye miki yara, ba mamaki akwai masu jin sa sun yi gum.

Dalilinsa da ya fi gamsar da ni shi ne, jin ka san abu daban, tuna inda ka san shi daban, kowanne da hanyarsa a ƙwaƙwalwa. Kamar ki haɗu da mace a kasuwa, fuskarta sananniya ce amma kin rasa inda kika san ta. Anne Cleary ta Jami'ar Jihar Kolorado ta gwada wannan a 2012. Ta zagaya da mutane cikin ɗakunan da aka ƙera a kwamfuta, sannan ta nuna musu wasu sababbi masu kaya daban amma jeri iri ɗaya da na farko. Da yawa sun ji kamar sun taɓa shiga, alhali sun kasa tuno ɗakin da ya jawo hakan. A 2018 ta gwada masu jin sun san abin da zai biyo baya, aka tarar canki-cankinsu bai fi na kowa dacewa ba. Saboda haka ki cire wa ranki cewa wani gaibu ake nuna miki.

Mun gaskata akwai aljanu, Alƙur'ani ya ambace su. Amma wannan ɗabi'a tamu ta ɗora musu duk abin da ba mu gane ba ta ishe ni. Mace ta yi jijjiga a naƙuda a ce iska, yaro ya sanƙare da zazzaɓi a ce iska, sai an gama ƙona turare a nufi asibiti a makare. Addu'a ba ta hana ganin likita.

Ke ma da naki laifin. Kin cika mini takarda da maigida da Hajiya, ba ki gaya mini shekarunki ba, ko sau nawa abin yake zuwa, ko yana ƙaruwa, ko kina samun barci. Sannan magana mafi nauyi a wasiƙarki kin jefar da ita da sunan sharri. Idan fa ƙanwar mijinki gaskiya ta faɗa? Wanda hankalinsa ya ɗauke na ɗan lokaci ba ya sanin ya ɗauke.

Akwai nau'in farfaɗiya da ke tasowa daga sashen ƙwaƙwalwa na wajen kunne, inda ake sarrafa tunawa, kuma sau da yawa da irin wannan jin take sallama. Likitan Ingila Hughlings Jackson ya bayyana ta tun 1888. Ba lallai mai ita ya faɗi yana kumfa ba. Yakan ji abu ya taso daga ciki zuwa ƙirji, ko wani wari da babu mai jin sa sai shi, ko tsoro ba dalili. Sai ya ƙura ido, yana taunar baki ko murza riga na minti ɗaya ko biyu, ya dawo a gajiye bai san an yi ba. Ban ce ita ce da ke ba, daga wasiƙa ba a gane ciwo. Na ce dai wanda ya zo ya wuce cikin daƙiƙu kina cikin hayyacinki ba abin damuwa ba ne, wanda ya haɗa da ɗaukewar hankali kuwa na likita ne.

Ko da ita ce, ba a ɗaukarta ta yawu ko ta cin abinci tare, a gaya wa masu janye yara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum miliyan 50 ke da farfaɗiya, kuma har kashi 70 cikin ɗari za su iya rabuwa da tashinta idan sun samu maganin da ya dace.

Maigidanki bai kyauta ba. Ki gaya masa haka sau ɗaya, cikin ɗaki, ba da hayaniya ba. Tunda ya ce tausayi ne, to ya nuna shi: ya kai ki asibitin koyarwa na Shika, ku nemi likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, wataƙila ya sa a yi miki awon da ake kira EEG. Ki danne zuciya ki tafi da ƙanwar tasa, don likita zai so jin bakin wanda ya gani da ido. Kafin nan ki riƙa rubuta rana da lokacin da abin ya zo, in ya faru a gaban maigidanki ya ɗauka a waya. Ki daina jan ruwa a rijiya ko suya a kan wuta ke kaɗai har a duba ki. In kina da juna biyu, ko kina sa rai, shi ne abin da za ki fara gaya wa likita, domin wasu magungunan ciwon suna illa ga ɗan tayi.