Amosanin Jini a Ɗakin Binciken Kimiyya

A watan Nuwamba na shekarar 2023 hukumar kula da magunguna ta Birtaniya ta ba da iznin amfani da wani sabon magani mai suna Casgevy domin masu ciwon amosanin jini, watau sikila. Amurka ta bi sahu a watan Disamba. Wannan labari ya shafe mu ƙwarai, gama Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen yawan masu wannan ciwo: an ƙiyasta cewa ana haihuwar jarirai wajen 150,000 da shi kowace shekara, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da irinsa a jini ba tare da ya kwanta ba. Ya kamata jama'a su san inda maganin ya fito da kuma iyakar ƙarfinsa.

Cikin jajayen ƙwayoyin jini akwai wani sinadari da ake kira himogulobin, wanda ke ɗaukar iskar numfashi daga huhu zuwa sassan jiki. A shekarar 1949 Linus Pauling da abokan aikinsa a Amurka suka narka shi cikin ruwa, suka ratsa ruwan da wutar lantarki, sai suka ga na mai sikila ba ya tafiya daidai da na mai lafiya. Mai karatu ya lura: wannan dabara ita ce har yau ake amfani da ita a asibitocinmu in za a faɗa wa mutum ko jininsa AA ne, ko AS, ko SS.

Sa'an nan masanan sinadarai suka shiga. Himogulobin kamar carbi huɗu ne da aka murɗe wuri guda. A Kambirij ta Ingila, Vernon Ingram ya nuna a 1957 cewa cikin silin da ke da ƙwaya 146, ƙwaya ɗaya tak ce ta sauya. Saboda wannan ƙwaya ɗaya, idan iska ta yi ƙaranci sai sinadarin ya manne da juna ya zama dogayen tsinkaye, ƙwayar jini ta lanƙwashe kamar lauje, ta toshe ƙananan jijiyoyi. Ga asalin azabar da mai ciwon ke sha a ƙashi da gaɓoɓi. Ƙwayar lafiyayye takan yi kwana 120, amma ta mai sikila da ƙyar ta wuce kwana 20. A garin nan na Kambirij kuwa Max Perutz ya shafe fiye da shekara ashirin yana haska himogulobin da hasken eksire, aikin masanan fiziks ke nan, kafin ya fitar da siffarsa a 1959.

Duk da haka, ƙofar maganin ta buɗe ne daga wata 'yar lura ta likita. A 1948 Janet Watson, likitar yara a Amurka, ta ga cewa jarirai masu sikila ba su cika nuna alamar ciwon ba a watanninsu na farko. Dalili shi ne ɗan tayi yana da nasa irin himogulobin wanda ba ya mannewa, jiki kuwa yakan rage yin sa bayan haihuwa. To, ina dabarar da za a sa jikin babba ya koma yin na jarirai?

Amsar ta zo daga ƙwayoyin bakteriya, waɗanda ke da wani almakashi na halitta da suke datse ƙwayoyin cutar da suka kawo musu hari. A 2012 Emmanuelle Charpentier da Jennifer Doudna suka nuna ana iya auna wannan almakashi, mai suna CRISPR, ya yanka daidai wurin da ake so cikin ƙwayoyin gado. Suka sami lambar Nobel a 2020. Da shi ake datse makullin da ke hana yin himogulobin na jarirai. A gwajin da hukumar Amurka ta duba, mutum 29 cikin 31 sun yi aƙalla shekara guda ba tare da ciwon ya tashi mai tsanani ba.

Sai dai kada kowa ya zaci allura ce a yi a koma gida. Ana ɗibar ƙwayoyin da ke haifar da jini daga jikin majinyaci, a gyara su a ɗakin bincike, a ba shi magani mai ƙarfi da zai share ɓargonsa, sa'an nan a mayar masa da su. Yakan yi makonni a asibiti, kuma maganin share ɓargon yana iya hana haihuwa. Kuɗin da aka sa masa a Amurka dala miliyan 2.2 ne, abin da ko a can ma sai da inshora. Abin da ya fi kusa da hannun talaka shi ne ƙwayar haidiroksiyuriya, wadda ita ma take ƙara himogulobin na jarirai, amma lalle sai da umurnin likita da gwajin jini a kai a kai.

Har wa yau, gyaran yana tsayawa ne a ɓargo, bai kai ga abin da mutum zai gadar wa 'ya'yansa ba. Wanda ya sami sauƙi da Casgevy zai ba ɗansa irin S kamar dā. Idan kuwa miji da mata duka AS ne, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, ko da 'ya'yan fari uku sun fito lafiya.