Buri goma sha biyu, ko ɗaya bai motsa ba

Wani matashi malamin firamare ya rubuto mini cewa a farkon shekara ya jera buri goma sha biyu a bangon littafinsa: haddar Alƙur'ani, koyon kwamfuta, tara kuɗin aure, motsa jiki, rage danne-dannen waya da sauransu. Wata huɗu sun wuce, babu wanda ya kama hanya, har ya fara kiran kansa rago.

Malam, ni ban ga ragwanci a wasiƙarka ba. Matsalar tana cikin jerin ne. Taura biyu ma ba ta taunuwa, balle goma sha biyu. Kuma abin da ka rubuta fata ne, bai kai ga zama aiki ba tukuna. Da ka ce "haddar Alƙur'ani", gobe da ƙarfe nawa za ka zauna, a ina, daga wane layi zuwa wane?

Mu tsaya a kan haddar, tunda ita ka sa a gaba. Bugun Madina yana da shafi 604, galibin shafukan layi 15 ne. Wanda ya riƙe layi biyar kullum zai gama shafi a kwana uku, cikin wata guda ya samu shafi goma, wato kimanin hizbi ɗaya. Layi biyar ba ya tsorata kowa. Sai ka ɗaura shi a jikin abin da ba ka taɓa fashinsa: da an sallame sallar Asuba, kafin ka taɓa waya, a kan dardumar da kake zaune. Masanin halayyar ɗan Adam Peter Gollwitzer ya yi bayanin wannan dabara a 1999, kuma bincikensa ya nuna cewa wanda ya riga ya tsayar da lokaci da wurin aikinsa ya fi cika shi a kan wanda ya ƙudurta niyya kawai. Mu kuwa salloli biyar sun riga sun yanka mana yini gida-gida, amfani da su ne ya rage.

Kuɗin aure ma haka, idan lokacinsa ya zo. Naira 500 a kullum ta zama 15,000 a wata, 182,500 a shekara. Ka shiga adashi ko ka ba amintacce ajiya, don kuɗin da ke aljihu ba ya kwana.

Sauran burin fa? A jingine su, ba tare da jin kunya ba. Benjamin Franklin na Amurka ya jera wa kansa halaye 13 da yake son ya gyara, amma ɗaya yake sa wa ido a kowane mako, yana yin alama a ɗan littafi duk inda ya yi tuntuɓe. A ganina mako ɗaya ya yi kaɗan. Ana yawan cewa kwana 21 ya isa abu ya zama jiki, alhali binciken da Phillippa Lally da abokan aikinta suka yi a Landan, wanda ya fito a 2009, ya gano cewa tsaka-tsakin lokacin kwana 66 ne, kuma ya kama daga 18 har zuwa 254. Saboda haka ka ba buri ɗaya wata biyu cur kafin ka jawo na biyu.

Akwai wani abu a binciken na Lally da nake so ka riƙe da kyau: fashin rana ɗaya bai rushe sabon da ake ginawa ba. Abin da ke kashe mutane shi ne "ai na riga na ɓata", daga nan a nannaɗe tabarma. Ranar da biki ko rashin lafiya ya sha gabanka, washegari ka ɗora daga inda ka tsaya, kada ka ce sai ka rama. Ka nemi wanda za ka riƙa kai wa tilawa duk Juma'a, domin sanin cewa wani yana jiranka ya fi kowace manhajar waya tasiri.

Idan kuma ka lura abin ya wuce jeri, barci ya ƙaurace, abinci ba ya daɗi, abin da ke faranta maka rai a da ya daina, kuma an kai mako biyu a haka, to ka ajiye littafin ka je ka ga likita.