Darasin Manomi: Tana da Takinta

'Yan'uwa, a wannan wata za mu yi koyo a kan wata 'yar halitta wadda yawancinmu ba mu tunawa da ita sai ran da za mu tafi fatsa, watau tana.

Wanda ya ke noma a fadamar gulbi wajen Kalgo ya san 'yan curin ƙasan nan da a kan tarar da safe bayan ruwa. Kashin tana ke nan. Tana ta kan haɗiye ruɓaɓɓen ganye tare da ƙasa, ta niƙe su a cikinta, ta fitar da taki mai laushi wanda saiwa ta ke iya sha nan da nan. Ramukanta kuwa hanya ce ta ruwa da iska. Wani masanin Ingila, Charles Darwin, ya rubuta littafi guda a kanta a 1881. Bisa ga lissafinsa, ƙasar da ta ke ratsa cikin tanu a eka ɗaya kowace shekara ta fi tan 10.

Don me za mu damu? Gama takin zamani ya yi tsada ƙwarai a 2022, sa'anda yaƙi ya tashi tsakanin Rasha da Yukren, manoma da yawa kuwa suka kasa sayen abin da zai ishe su. Mutanen Kuba sun sha irin wannan wahala bayan 1991, da Tarayyar Sobiyat ta rushe, jiragen taki suka daina zuwa. Kiwon tana yana cikin abin da suka kama. Har ma wata babbar tana da a ke kiwo a Indiya, Eudrilus eugeniae, asalinta daga Afirka ta Yamma ne. Ashe abin namu ne, waɗansu suka riga mu sanin darajarsa.

Ga yadda a ke yi. A sami rabin duro ko tsohuwar randa, a huda gindinta, a ajiye cikin inuwa mai duhu. A shimfiɗa busasshen ganye da ƙaiƙayi, a jiƙa, a ɗora kashin shanu wanda ya kwana biyu a waje har zafinsa ya fita. Ɗanyen kashi ya kan yi zafi ya kashe su. Sa'an nan a zuba tanu, irin waɗanda a ke samu a gindin juji ko bayan turke, ba masu nutsewa can ƙasa ba. A rufe da jiƙaƙƙen buhu. Kada a zuba toka, ko gishiri, ko mai, ko kashin kaji, a kuma tsare su daga kaji da tururuwa. Bayan wata 2 ko 3 takin zai yi baƙi, da ƙanshin ƙasar ruwan fari.

Amma a ƙasar Kabi babban magabcin tana zafi ne. Ta fi jin daɗi wajen awo 25 zuwa 30 na ma'aunin zafi, bazararmu kuwa ta kan wuce 40. Duron da rana ta buga wuni ɗaya a watan Afrilu, aikin wata uku ya lalace. Domin wannan muna ba da shawara a fara a tsakiyar damina, a kwashe takin daidai lokacin yayyafa irin albasa da tumatir. A riƙa dunƙula takin a hannu: idan ɗigo ɗaya ko biyu ya fito, ya yi daidai, idan ya zuba, ruwa ya yi yawa.

Kada kuwa wani ya ruɗe mu, duro ɗaya ba zai ciyar da gonar shinkafa ba. Fangali da lambu su ne wurinsa. A jigawar Gwandu, inda ƙasa ta ke bushewa wata bakwai ko fi, gara ce ta ke yin aikin tana. Manoman Illela ta ƙasar Tawa a Nijar sun gano wannan: su kan haƙa ƙananan ramuka da rani, waɗanda su ke kira tassa, su zuba taki cikin kowane. Gara ta bi takin ta huda ƙasa, ruwan fari ya taru a ramin, sa'an nan a shuka gero a ciki. Mai gonar tudu sai ya fara haƙa nasa tun kaka ta wuce, kafin ƙasa ta yi tauri.