Yadda ake wanke dasashi a wurin likitan haƙori

Mutum zai goge baki da safe, ya tofar da kumfar makilin ya ga jini, sai ya ɗora wa buroshi laifi. Galibi ba buroshin ba ne. Datti da ƙwayoyin cuta ne suka taru a gindin haƙori har suka daskare, dasashi ya kumbura. Idan abu ya kai nan, aswaki da buroshi ba sa iya ɓamɓare dattin, sai an je asibiti.

Da tambayoyi likita yake farawa. Kana da ciwon sukari? Kana shan taba? Akwai maganin tsinka jini da kake sha? Kada ka ɓoye masa komai, domin sukarin da ya hau yana hana dasashi warkewa, taba kuwa tana rage zubar jinin, sai cutar ta yi nisa mai ita bai sani ba.

Daga nan sai awo, kuma a ganina nan ne ake gane likita mai kula. Zai ɗauki wani siririn ƙarfe mai zanen milimita a jikinsa, ya zura shi a hankali tsakanin haƙori da dasashi, wuri 6 a kowane haƙori, yana faɗin lamba ana rubutawa. Milimita 1 zuwa 3 lafiya ce. Daga 4 zuwa sama rami ya fara buɗewa, inda datti ke ɓuya. In ramukan sun yi zurfi, za a ɗauki hoto a ga yawan ƙashin da ya zaizaye a ƙarƙashi.

Sannan wankin kansa. Ana amfani da wata na'ura mai tsinin baki da ke girgiza da sauri tana fesa ruwa, ga wani bututu a gefen baki yana zuƙe ruwan. Za ka ji ƙara da ɗan tsami, ka ga ɓarɓashi baƙi-baƙi na fita. Inda rami ya yi zurfi sai an yi allurar kashe zafi, likita ya bi saiwar haƙorin da ƙarfen hannu yana kankarewa har ta yi sumul. Wani bakin ba ya ƙarewa a zama ɗaya, sai a raba aikin.

Akwai masu gudun wannan wanki, wai yana sa haƙora su yi giɓi ko su riƙa motsi. Abin yana damuna ƙwarai, don giɓin nan cutar ce ta riga ta yi shi, dattin da ya daskare ne kawai ya toshe shi.

Bayan an gama, haƙora kan ji sanyi na ’yan kwanaki. A riƙa kuskure baki da ruwan gishiri mai ɗumi, a goge sau biyu a rana da buroshi mai laushi, a kuma tsaftace tsakanin haƙora. Bayan mako 6 zuwa 8 za a koma a sake awo. Ramin da ya ƙi raguwa yana iya buƙatar ƙaramar tiyata, wanda kuma cutarsa ta taɓa ƙashi ana so ya riƙa dawowa kusan kowane wata 3.