Yadda Ake Tsara Shafin Intanet Mai Hoton Bango da Ke Bin Girman Allo

Dabarar gina shafin intanet da ke daidaita kansa da kowane allo, na kwamfuta ko na waya, ta samu sunanta ne daga wata maƙala da Ethan Marcotte ya wallafa a 2010, amma buƙatarta ta fi bayyana a ƙauye irin Abare da ke ƙaramar hukumar Anka, inda ƙaramar wayar hannu ce hanyar shiga intanet, sabis kuma yakan zo ya ɗauke. Saboda haka mai tsara shafi domin mutanen wannan yanki daga allon waya ya kamata ya fara aikinsa, kwamfuta ta biyo baya.

Ana farawa ne da HTML, wato harshen da ake gina ƙashin shafi da shi, a sa layin viewport a samansa tare da umarnin width=device-width, domin idan babu shi waya za ta ɗauka cewa faɗin shafin ya kai fiksel 980, ta matse rubutun har ya gagara karantuwa. A nan kuma ake ayyana UTF-8, tsarin da ke kare ɓ da ɗ da ƙ daga rikiɗewa zuwa wasu alamomi marasa ma'ana.

Hoton bangon kuwa aikin CSS ne, harshen da ke kula da kamannin shafi. Ana ba shi background-size: cover, wanda ke faɗaɗa hoton har ya rufe allo gaba ɗaya ba tare da ya karkata siffarsa ba, sai dai yakan datse duk abin da ya zarce, kamar yadda tela ke yanke rarar yadi. Wannan datsewar ita ce wurin da ya fi buƙatar lura. Idan hoton gonar gero ne da aka ɗauka a kwance, rumbu yana can gefen dama, to wayar da aka riƙe a tsaye za ta nuna wani ɓangare na gonar kawai, rumbun ya ɓace. Mafita ita ce a zaɓi hoton da abin nunawa ke tsakiyarsa, a tsayar da shi a tsakiyar allo da background-position, ko a karkato shi da wannan umarni zuwa gefen da abin nunawar yake. Ana ƙara no-repeat don kada hoton ya maimaitu, da min-height: 100vh don bangon ya kai tsawon allo.

Nauyin hoton shi ne abin da masu zama inda sabis ke da ƙarfi suke mantawa da shi, alhali megabait huɗu a bangon shafi zalunci ne ga wanda ya sayi datarsa da kuɗin cefane. Ana rage shi, a mayar da shi WebP, tsarin da Google ya fitar a 2010, sannan a yi amfani da ƙa'idar @media, wadda ke auna faɗin allo, don waya ta sauke ƙaramin hoto, babban kuma ya tsaya ga kwamfuta. Ana kuma shimfiɗa launi mai duhu a ƙarƙashinsa, yadda farin rubutu zai karantu tun kafin hoton ya iso, ko da bai iso ba.

Gwajin ƙarshe a kan wayar Itel ko Tecno ake yin sa, a waje cikin rana, a juya ta tsaye da kwance, a ga ko rubutun yana fitowa a kan hoton, kuma ko shafin yana buɗewa lokacin da sandar sabis ta rage ɗaya.